Injin da Ba Shi da Bakanike

Injin a-kori-kurata ya buga a hanyar dawowa daga 'Yandoto, ana dab da fara yankan gero. Ni dillalin hatsi ne. Da kaka nake bin ƙauyukan Tsafe da Bungudu ina sayen abin da zan sayar duk shekara, kuma wanda ba shi da mota a wannan lokaci ragowar wasu yake samu. Tun ina tsaye a bakin titi, baƙin mai na ɗiga ƙarƙashin motar, na san abin da ke gabana.

Da a da ne, waya kawai zan buga. Ina da bakanike, abokina tun muna samari a tasha, shi yana wanke sifana, ni ina dakon buhu. In inji ya gaji shi ke sauke shi, ya ɓace da shi, ya dawo da shi yana numfashi kamar sabo. Ban taɓa tambayarsa inda yake kai shi ba. A damunar nan ya rasu, bayan ɗan zazzaɓi. Garejinsa ma har an ba wani mai fenti.

Wasu kanikawan bakin hanya a Tsafe suka sauke mini injin, suka buɗe, suka ce karanshaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikinsa, ya ci, sai an kai wa masu yanka. Na kawo shi gida Damba, na ajiye a zaure bisa tsohuwar taya. Duk wanda ya shigo sai ya ce in sayi tsohon inji na Kwatano in huta. Ban yarda ba. Ni da na san yadda ake zuba mai kyau a bakin buhu, ba zan sayi inji a rufe ba.

Sai na shiga nema. An kwatanta mini wani a Bungudu, na je na tarar mai walda ne. An ce akwai gwani a Kekun Waje, ashe injin niƙa yake gyarawa. Kullum in fita ni kaɗai a motar haya, in dawo kafin la'asar sakaliya, don hanyar ba ta yamma ba ce. In wuce injin a zaure, babu wanda zan ce wa, "To, yanzu kuma ina?"

Da aka kwatanta mini daidai, ashe wurin masu yankan yana cikin Gusau, a wani lungu bayan tasha da na sha wucewa. Rumfar kwano ce doguwa, da manyan na'urori a ciki, da benci a waje inda kanikawa ke zaune suna jiran a kawo wuta. Mai wurin dattijo ne mai tabarau. Ya dubi injin a bayan keken da na ɗauko, ya dube ni.

"Alhaji, ina bakanikenka?"

"Ni ne mai motar."

"Na gani ai, ga babbar riga. Mu nan ba mu amsar inji ga mai mota. In na yanka, wani ya je ya ɗaure shi karkace, wa za a zaga? Ni."

Wani a kan benci ya ce, "Baba, ba shi sifana mu ga ko ya san bakinta daga wutsiya." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Duk da haka dattijon ya sunkuya, ya goge wani murfi da babban yatsa. Akwai 'yan ɗige-ɗige da aka buga da ƙusa a jikin ƙarfen. Kowane bakanike da irin alamarsa, don kada kayansa su haɗu da na wani.

"Af, wanga ai na mutumina ne. Ina ya shiga? Ka ce mai in ya yi fushi ne ya zo mu shirya."

Na gaya masa. Dattijon ya cire tabarau, muka yi addu'a a tsaye. Wata da watanni, babu wanda ya kawo musu labari, don ni ne ya kamata, ni kuma ban san da su ba.

Ya sa aka shigar da injin, ya auna karanshaf a natse. Ya ce an sha yanka shi, saura yanka ɗaya. In wanda zai haɗa ya yi ganganci, shi ke nan. Don haka maganarsa tana nan: sai na kawo bakanike.

Na zauna a ƙarshen bencin. Suna ta labarin abokina, yadda yake barci a nan da hula a fuska, yadda yake tsokanar Baba. Ina saurare kamar labarin baƙo. A nan na lura da wani mara magana. Da aka kawo wuta aka gama nasa aikin, bai jefa karanshaf ɗin a keke kamar sauran ba, sai da ya shafe shi da mai, ya naɗe a tsohon zane, ya ɗauka a kafaɗa. Na bi shi har bakin lungu, na yi masa sallama.

Shi ya haɗa mini injin. Motar ta tashi bayan an sha kan gero, amma na riski dawa da wake. Ranar gwaji muka ɗauki hanyar Bungudu, shi a gefena, kunnensa na kan inji. Na buɗe baki zan ba shi wani labari, ya ɗaga hannu in dakata. Can ya ce, "Lafiya lau, Alhaji. Kada dai ka loda mata da yawa tukuna." Ya sauka a mararraba, na wuce kasuwa.