Filashin Da Surukina Ya Kawo

Akwai wata yamma a ɗan ɗakin naɗar muryata da ke Tudun Wada wadda ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ita ba za ta fita daga raina ba. Ita ce yammar da surukina ya kawo mini kyauta, ni kuma na ƙi yin abin da ya ce in yi da ita.

Na daɗe ina karanta labarai a gidan rediyo kafin in buɗe wannan ɗaki, inda nake naɗar tallace-tallace da sanarwar ɗaurin aure. Wata rana surukina, ɗan kasuwa mai shagon kayan gini a Kwangila, ya aiko mini da kwali cike da tsofaffin kaset. Karatun mahaifinsa ne, malamin da ya yi zamaninsa yana karantarwa a wani zaure a Tudun Jukun, ya kuma rasu tun kafin in auri jikarsa. Aka ce in mayar da su cikin kwamfuta. Kasetocin sun ci zamani, da na juya su sau ɗaya sai zaren ya tsinke ko ya cukurkuɗe, ba su sake magana ba. Ina gama aikin sai tsohuwar kwamfutata ta mutu. Muryar Malam ta rage a wuri ɗaya tak a duniya, wata 'yar ma'ajiya da ake jona wa kwamfuta, girmanta bai wuce tafin hannu ba.

Na sayi sabuwar kwamfuta, amma fanko, babu babbar manhajar da ke tafiyar da komai a cikinta. Niyyata in sayi ta asali, in ɗora, sannan in kwafi karatun zuwa wurare da yawa. Matata ta faɗa wa mahaifinta a hira, shi kuma bai yi shawara da kowa ba, ya saya mini daga wani mai talla da ya gani a zauren 'yan kasuwa na waya. Aka aiko masa da manhajar ta tashar mota, a cikin filashi, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta.

Bayan la'asar ya shigo da fara'arsa, na durƙusa na gaishe shi, na ba shi kujerata.

“Malam, na hutar da kai,” in ji shi, yana miƙo filashin. “Ɗora yanzu, ka jona ma'ajiyar karatun nan, in ji muryar tsoho kafin magariba.”

Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Don in ƙara natsuwa, sai ya kunna mini saƙon muryar mai sayarwar. Mutumin ya iya baki. Ya yi sallama cikakkiya, ya kira surukina Alhaji, ya yi masa addu'a har da iyalansa, ya rantse cewa kayan na asali ne. A ƙarshe, cikin sauri kamar mai karanta ƙa'idojin talla, ya ce kafin a ɗora a tabbatar ba a jona intanet ba, bayan an ɗora kuma kada a kunna manhajar tsaro, kada a bari ta sabunta kanta.

Aikin rediyo ya koya mini sauraren inda mai magana ya ƙara sauri, domin galibi nan abin da ba ya so a ji yake. Kayan asali ba ya gudun kamfanin da ya ƙera shi. Wanda ya ce ka kashe tsaro kafin ya shigo, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Sai dai wanda ke zaune a gabana surukina ne. A wajenmu ba a duba kyautar suruki, balle a ce tana da aibu. Mutumin da ko abinci ba na iya ci a gabansa, ta yaya zan ce masa an yaudare shi?

Na ce, “Baba, ina neman alfarma. A wurin aikinmu ba ma sa faifai a iska sai an saurare shi a ɗakin gwaji. A bar ni in ɗora wannan, in gwada shi da wasu tallace-tallace na 'yan kwanaki. Idan lafiya, sai in jona karatun Malam.”

Fara'arsa ta ragu. “Gwaji kuma? Mutumin nan ya rantse da Allah.”

“Ya rantse, Baba. Amma karatun guda ɗaya ne, ba shi da na biyu.”

“To ni zan cuci mahaifina ke nan?”

Na sunkuyar da kai, ban ɗauko ma'ajiyar daga aljihun tebur ba. Ya jima yana kallona, sannan ya miƙe ya ce Allah ya ba da sa'a, ya fita. Ko rakiyar da na yi masa zuwa mota bai juyo ba.

A gida na tarar labari ya riga ni. Matata tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, “Sannu da zuwa, shugaban masu bincike. Baba ya ce ka sa kyautarsa a ɗakin gwaji.”

“Haka aka yi.”

“Ko ranar biyan sadakina ma, da ka sani da ka ce a gwada ni tukuna.”

“Ke ai na asali ce, ba ki ce in kashe tsaro ba.”

Ta yi dariya ba da son ranta ba, sannan ta ce, “Wallahi idan abin nan ya fito lafiya, kai za ka je ka ba shi haƙuri, ban da ni.” Na ce na yarda.

Na ɗora manhajar, na zuba tsofaffin tallace-tallacen da nake da kwafinsu a waya, na jona intanet. Da na shigar da lambar lasisin da aka rubuto, sai saƙo ya fito cewa an riga an yi amfani da ita. Na nemi lambar mai sayarwar ta hannun matata, na tambaye shi shaidar saye daga kamfani. Ya ce shi da Alhaji ya yi ciniki, ba da yara ba. Daga nan wayarsa ta daina shiga.

Duk da haka kwamfutar tana aiki sumul, kuma ba zan ɓoye ba, a kwanakin nan na auna yadda zan tsara ban haƙuri. Amma ban taɓa tunanin jona ma'ajiyar ba. Wata safiya na kunna, na danna tallan wani mai shinkafa, ya ƙi buɗewa. Na danna na biyu, haka. Duk an kulle su, ga rubutu a fuskar kwamfutar cewa sai na biya kafin a sake su.

Ban kira shi a waya ba, irin wannan ba maganar waya ba ce. Na ɗauki kwamfutar na tafi Kwangila, na jira masu sayen siminti suka watse, na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa na buɗe masa. Ya sa tabarau, ya danna da kansa, ya sake dannawa.

“Da karatun tsoho na ciki fa?”

“Da yana cikin waɗannan, Baba.”

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, sai ga wani ya leƙo yana tambayar ƙusa. Da mutumin ya tafi sai ya ce, “Kai mai muryar labarai, naɗa mini gargaɗi in tura zauren nan. Akwai waɗanda na ba su lambarsa.” A nan cikin shagon na naɗa, da wayata.

Na goge kwamfutar tas, na sayi lasisi kai tsaye daga shafin kamfanin, lambar ta karɓu nan take, manhajar ta sabunta kanta. Sai da na kwafi karatun zuwa wurare daban-daban sannan na aika a kira surukina. Ya zo ya zauna a kujerar nan dai, na kunna. Muryar Malam ta cika ɗakin, yana fassara a hankali. Can a tsakiyar karatu ya tsaya, ya yi tari, ya ɗaga murya ya ce, “Kai, rufe mana ƙofar nan, awaki za su shigo.”

Surukina ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. “Da ni yake,” in ji shi.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, a cinikin manhaja ta intanet daɗin baki da rantsuwa ba shaida ba ne. Shaida ita ce lasisin da kamfanin ya karɓa, da mai sayarwar da ba ya jin haushin tambaya. Na kuma gane cewa girmama babba ba kullum yake nufin ka ce masa to ba. Ranar nan da na ce to, da ni da kaina na shafe masa muryar mahaifinsa.