Keken Malam Iro da Ranar Ban Ruwa

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, mu huɗu a mota mai buɗaɗɗen baya: ni, da direba, da wata ma'aikaciyar jinya, da jami'ar da gwamnati ta haɗo mu da ita don ta ga inda kaya za su shiga. Muna da 'yar ƙungiya a unguwarmu mai kula da tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Mun daɗe muna cike takardun neman tallafin gwamnati, har ni dai na fid da rai, sai ga shi ya fito. Alhamdu lillahi. Da shi muka sayi sanduna da kekuna iri biyu: na asibiti wanda ake turawa, da mai ƙafa uku wanda mutum ke tuƙawa da hannunsa. Ni na raba sunayen da kaina, tsofaffi su samu na turawa, matasa masu lalurar ƙafa su samu na tuƙawa. Da na gama har jinjina wa kaina na yi.

Titin Zariya da sassafe na manyan motoci ne, sai addu'a. Amma da ka fara kusantar Kura sai ido ya huta. Mun baro gari a bushe, nan kuwa ko'ina kore shar, ga albasa, ga tumatir, ga shinkafar rani, ruwa na bin kanal, wato magudanar noman rani, a gefen hanya kamar damina ba ta taɓa tafiya ba. Mun tsaya karin kumallo a Kura, muka ci waina da miyar taushe mai zafi. Injinan casar shinkafa sun riga sun fara ruri, mata na baza turararriyar shinkafa a kan tamfol, 'yan adaidaita sahu na wucewa da buhuna har ba ka ganin direban. Direbanmu ya tambayi kuɗin kwandon tumatir, da aka faɗa masa sai ya sake tambaya, wai ko bai ji daidai ba. Tun daga nan ya fara lissafin inda zai cusa kwando biyu a tsakanin kekuna.

Daga nan muka nausa wajen Bunkure, muka saki kwalta muka bi hanyar burji zuwa ƙauyen da za mu yi rabon. Mun sa an jera kujeru a makarantar firamare, ni kuma na kwana biyu ina haddace jawabi. Muka tarar da kujeru, muka tarar da mai unguwa da dattawa uku. Shi ke nan jama'ar.

Bayan mun gaisa, mai unguwa ya ce, "Malam, ai yau ranar ruwanmu ce. Da an tambaye ni da na faɗa."

Ashe ruwan noman rani bi da bi ake sakinsa, kowane yanki da ranarsa. Ranar da aka sako wa yankinku, dole ka kasance a bakin gonarka ka ja rabonka, in ba ka nan ya wuce gaba, sai kuma wani zagayen. Duk tsohon da ke iya takawa yana gona, kuma waɗanda za su ɗauko marasa iya takawar su ma suna can. Na ji kunya ƙwarai, musamman da na ga jami'ar nan ta buɗe fayil ɗinta tana rubutu. Tun da muka taso ba ta ce komai ba in ban da amsa gaisuwa, ni kuwa tsoronta nake ji. Muka yanke shawarar bin mutane gida gida, na ninke jawabina na sa a aljihu.

A gida na huɗu muka samu Malam Iro a zaune a soro. Dattijo ne da ya manyanta, ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafar dama shekara biyu da suka wuce, amma damatsansa kamar taɓarya. Muka sauke masa keken asibiti sabo fil. Ya yi godiya, ya yi wa gwamnati addu'a, ya yi mana, ya hau ya zauna. Sannan ya dube ni ya ce, "To ɗana, wa zai tura ni gona?"

Matarsa ce ta ba mu labarin daga bakin ƙofa. Yana da gonar albasa a bakin kanal, wadda ya noma tun yana saurayi. Tun da aka yi masa aiki bai sake ganinta ba. Yana sa 'yan ƙwadago, amma ranar ruwa kowa ta tasa gonar yake yi, sai a manta da tasa ko a ba ta a gurguje. Bara albasar ta ƙone. Babban ɗansu, wanda ke sayar da hatsi a wata kasuwa a Kano, ya ce in aka sake asara bana zai bayar da gonar haya, kowa ya huta. Ta ce, "Malam bai yi masa musu ba, amma tun ranar ya rage cin abinci."

Na ce ai da sauƙi, ni zan tura shi. Har ƙarshen gidaje lafiya lau muke tafiya. Muna sauka kan hanyar gona sai ƙananan tayoyin gaba suka nutse a laka. Na tura, na ja, direba ya kama, takalmina ɗaya ya maƙale. Malam Iro yana zaune yana ba mu haƙuri, shi da ya kamata mu ba haƙuri. Haka muka juyo da shi soro, gumi ya jiƙa mini riga. Raina ya ɓaci da kaina, domin ni ne na zauna a Kano na yanke cewa tsoho zaman gida yake yi.

Muna cikin haka sai ga ma'aikaciyar jinyar ta dawo daga wani gida a bayan masallaci, inda ta kai wa wata matashiya mai suna Asabe keke mai ƙafa uku. Asabe tela ce, shan inna ya taɓa ƙafafunta tun tana ƙarama. Keken ya ƙi shiga ƙofar gidansu, har an kankare bango. Ita kuma ta ce ba fita take yi ba, abin da take so shi ne abin da zai kai ta daga ɗaki zuwa wajen keken ɗinkinta da madafa ba tare da ta ja jiki ba. Da labarin abin da ya faru da Malam Iro ya kai wa Asabe sai ta aiko a tambaya, ko za a yarda su yi musaya.

Duk muka juya muka dubi jami'ar, domin sunan kowa na rubuce a takardarta tare da irin abin da zai karɓa. Ta daɗe tana duba takardar. Sannan ta ce, "Don mutane su amfana aka bayar da tallafin nan. Ku kawo su dangwala, ni zan yi bayani a ofis." Wallahi ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ka. Na yi mata mummunar fahimta, Allah ya saka mata da alheri.

Asabe ta hau na asibitin ta zagaya tsakar gida da kanta, in ji ma'aikaciyar jinyar, tana dariya tana cewa a kauce mata. Malam Iro kuwa sau biyu aka nuna masa yadda ake juya hannun keken da yadda ake kama birki, ya ce ya isa. Ya ɗau hanya, manyan tayoyin suka ratsa lakar da ta kayar da ni, ya hau gaɓar kanal. Mu ne muke sauri a bayansa. Manoma suka riƙa ɗagowa daga gonakinsu suna gaishe shi, wani ya ajiye fartanya ya taho da gudu ya riƙe masa hannu.

Mun isa bayan azahar, ruwa bai ɗauke ba tukuna. Gonar ta yi yaushi, gefe guda har ƙasa ta tsage. Malam Iro ya sauko daga keken ya zauna a bakin kanal, ya karɓi bututun roba da suke jan ruwa da shi, ya nutsa shi, ya toshe bakin da tafin hannu, ya girgiza sau uku ya saki. Ruwa ya kwararo cikin albasa. Ya bi shi da ido har ya kai ƙarshen kunya ta farko, sannan ya fara ba maƙwabcinsa umarni ya buɗe ta biyu. Na ce ya juyo mu ɗauki hoto don rahoto, ya ce in ɗauka a haka, shi yana aiki.

Da za mu tafi ya kira ni gefe, ya kwatanta mini rumfar ɗansa. Ya ce, "Ka ce masa ka gan ni a gona. Kada ka ƙara komai."

Muka ƙarasa sauran gidajen da la'asar, aka cika mana mota da albasa da rake duk da mun ce a bari, direba kuma ya samu tumatirinsa. A hanyar dawowa na yi ta tunani. Na gode wa Allah da tallafin nan ya fito, na gode wa waɗanda suka sa hannu ya fito, domin na ga abin da keke ɗaya ke yi wa gida. Na kuma koyi cewa kafin ka saya wa mutum abin taimako, ka je ka zauna a soronsa ka tambaye shi ina yake son zuwa. Tambayar da ban yi ba ke nan, kuma saura kaɗan ta ja wa dattijo asarar gonarsa.

Mun shigo Kano dab da magariba. Kafin in wuce gida na sa aka sauke ni a kasuwar, na samu ɗan yana rufe rumfa. Na gabatar da kaina, na isar da saƙo yadda aka ba ni.

Ya tsaya da kwaɗo a hannu. Ya ce, "Baba? Wa ya kai shi?"

Na ce, "Shi ya kai kansa."

Ya juya mini baya yana goge fuska da hular kansa. Can ya ce, "Gobe mai hayar zai zo mu yi magana. Bari in kira shi kada ya wahalar da kansa."