Na Tsallaka Bahar Maliya da Kaset a Aljihu

Makka, Talata

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka fito daga gidanmu a unguwar Shisha, ni Haruna da mai ɗakina Hajiya Binta, da akwati biyu da jarkar zamzam. Wannan tafiya mun yi ta ne kafin fitinar da ta faɗa wa Sudan. Na daɗe ina jinkirin rubuto muku labarinta, 'yan uwa na gida, don akwai abin kunyata a ciki.

Mun ajiye aiki mu biyun a shekara ɗaya. Ni na bar gadin imarar, wato dogon benen da nake tsaro a Aziziyya, ita ta bar shara a makarantar 'yan mata. 'Yarmu Zainab ta tsaya mana, iƙamarmu, takardar izinin zama, ta zauna, aka buga mana bizar fita da dawowa. Ran nan muna shan shayi Hajiya ta ce tana son zuwa Bur Sudan ta ga kabarin mahaifiyarta, ta kuma ga ƙanenta Usman, kuma ta jirgin ruwa take so, yadda muka shigo muna matasa. Na ce jirgin sama ya fi sauri. Ta ce ba sauri take yi ba. Tun daga wannan magana na fara zargin ta san asirina.

Ga dalili. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, muna zaune a unguwar Mansur babu takarda ko ɗaya, wani alhaji daga Bur Sudan ya same ni a bakin shago ya ba ni kaset, ya ce saƙon Inna ne, mahaifiyar Binta, zuwa ga 'yarta. A lokacin haka ake aika magana. Na sa shi a rikodar wani abokina ni kaɗai. Na ji Inna tana cewa jikinta ya yi nauyi, tana marmarin ganin Binta. Nan na danna na kashe. Na san in Binta ta ji za ta tafi, in kuma ta fita ba takarda ba ta dawowa, ga yara uku ƙanana. Na ɓoye kaset ɗin a ƙasan jakar takarduna. Bayan wata huɗu labarin rasuwar Inna ya iso. Usman ne ya riƙe mata rikoda ranar da ta yi maganar, kuma gidansa za mu sauka.

Na ɗauko kaset ɗin na sa a aljihun ciki na 'yar shara. Niyyata in jefa shi a teku.

Direban da Zainab ta samo mana Bahaushe ne haifaffen Makka, Hausarsa rabi Larabci. Ya ce, "Ya ammi, kowa yana sama a ɗayyara, kai kana ruwa? Ka gudu daga wani ne?" Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na tsaya ina tunanin ko Zainab ta gaya masa wani abu. A shingen Shumaisi ba wanda ya tsayar da mu, amma na tarar hannuna yana kan ƙirji kamar mai rantsuwa. Mun tsaya a wani masallacin gefen hanya muka yi sallah, muka sayi burodin tamis da waken ful. Hajiya ta ci nata tas. Nawa ya huce a leda.

Jidda, tashar jiragen ruwa

Daga Makka zuwa Jidda kamar kilomita tamanin ne, mun isa ƙarfe shida da kwata. Jirgi ba zai tashi ba sai la'asar sakaliya, amma kaya ake fara karɓa, kuma kayan Sudaniyawa ba wasa ba ne: firji, barguna, katan-katan na dabino, har da keken ɗinki. Mun yini a zaure mai sanyi. Layin maza daban, na mata daban, wannan ya yi mini daɗi. Na zuba abin aljihuna a tire, ya wuce ta na'ura, ma'aikacin ko kallo bai yi ba.

A zauren nan na fara lura da wani tsoho mai hular Kano da jallabiyar Sudan. Duk inda na juya idonsa na kaina. Na auna shekarunsa, na auna tsawonsa, zuciyata ta ce shi ne alhajin da ya kawo kaset. Ban tuna fuskar wancan ba, amma tsoro ba ya jiran tunawa. Na ce wa Hajiya mu canza wurin zama, iskar na'ura tana dukan wuyana. Ta dube ni ta ce tun yaushe na fara jin sanyi, ni da na yi shekara ashirin ina kwana a bakin ƙofa. Amma ta tashi.

Ƙarfe uku aka ɗauke mu a bas zuwa gindin jirgi. Ban taɓa ganin irinsa kusa ba. Ya fi imarar da nake gadi tsawo, motoci suna shiga cikinsa ta baya. Wanda ya kawo mu muna matasa kwale-kwale ne mai inji, mutum yana taɓa ruwa da hannu.

Cikin jirgi

Zainab ta kama mana ɗaki mai gado biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da 'yar taga da ba ta buɗuwa. Na duba tagar nan da kyau, don da ita na yi lissafi. Hajiya ta ɗauki na ƙasa saboda gwiwarta. Ta ce in cire 'yar sharar in rataye, zafi ake yi. Na ce na saba. Ta ce to.

Ƙarfe biyar da minti ashirin jirgi ya yi ƙara ya ja baya. Muka hau bene na sama muna kallon Jidda tana ƙanƙancewa. Mutane sun shimfiɗa tabarmi ko'ina, wasu suna dafa shayi a ɓoye, wani ma'aikaci yana zagayawa yana nuna inda rigunan ceto suke, ba mai saurarensa. Da magariba aka yi gardamar alƙibla, har wani ya ciro waya ya raba mu. Liman ya yi ruku'u, jirgi ya karkata, sahu gaba ɗaya ya yi taku ɗaya zuwa hagu.

Bayan sallah na ce wa Hajiya zan sha iska. Na nufi bayan jirgi inda ruwa yake fari saboda injin. Da sauran ja a sama. Na zura hannu a aljihu, na riƙe kaset, sai na ji sallama a kafaɗata. Tsohon nan ne.

Ya ce, "Malam, tun Jidda nake kallonka."

Na ce na lura.

Ya ce, "Tsagen fuskarka irin na mutanen Gumel ne. Mahaifina da shi ya mutu. Shekara hamsin ban gan shi a fuskar kowa ba."

Ashe haifaffen Kasala ta Sudan ne, bai taɓa taka Najeriya ba, umara ya zo. Ya riƙe ni da tambaya: ko har yanzu ana cin kasuwa ran kaza, ko akwai wata rijiya da ubansa yake ambato. Ni da na bar gida tun ina saurayi, na ba shi amsar da na iya. Kafin mu gama Hajiya ta iso da kofin shayi biyu, ta ce an buɗe ɗakin cin abinci, akwai shinkafa da waken adas. Ta dubi hannuna da ke cikin riga, ta ce, "Ƙirjin ne kuma, Malam?" Na ce a'a. Na saki kaset ya koma mazauninsa.

Na kwana a gadon sama da riga a jikina.

Laraba, Sawakin

Da gari ya waye na sake fita. Ba kowa a bayan jirgi sai tsuntsaye. Ba wanda ya hana ni a wannan karo. Na fito da kaset na dube shi a haske, abin da ban yi ba shekaru da yawa. Rubutun Usman yana nan da biro: Binta, Makka. Na tuna yadda Inna ta dafa mini wake da hannunta ranar da na fara zuwa gaishe ta, ina baƙo a garinsu, ba ni da kowa. Hannuna ya ƙi. Na ce a raina zan jefa a dawowa.

Ƙarfe bakwai da rabi muka hango Sawakin, tsofaffin gine-ginenta farare sun rurrushe a bakin ruwa. Sai ƙarfe tara aka bar mu muka sauka. A nan babu layin maza da na mata. Dogon tebur ne, iyali suna tsayawa tare, ana buɗe kaya da hannu. Ma'aikacin da muka faɗa wa ya duba akwati, ya girgiza jarkar zamzam, sannan ya nuna ƙirjina ya ce mene ne wannan da nake ta dafewa. Na ce magani. Ya miƙo hannu.

Ya juya kaset gaba da baya, ya tambaye ni da Larabci me ke ciki. Hajiya ce ta amsa masa, da Larabcin Sudan da ta tashi da shi, ba tare da ta kalle ni ba.

"Muryar mahaifiyata ce. Ta rasu."

Ya ce Allah ya jiƙanta, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ta miƙo mini.

Hanyar Bur Sudan

Muka shiga ƙaramar bas, kilomita sittin, teku a dama, duwatsu a hagu. Mun yi rabin hanya. Sannan ta ce, a hankali don kada na gaba su ji, ta ga kaset ɗin ne ranar da muke kwashe kaya daga Mansur zuwa Shisha, shekara goma sha tara ke nan. Ta kai shi gidan maƙwabciya ta saurara, ta mayar inda ta same shi. Ta ce kullum tana cewa wannan azumin zan faɗa, wannan hajjin zan faɗa.

Na tambaye ta don me ba ta tuhume ni ba. Ta ce tana son ya fito daga bakina ne.

Sai ta ce, "Usman yana ganin ni ce na ji muryar Inna na yi shiru. Shi ya sa gaisuwarmu ba ta wuce ta sallah. Ban taɓa gaya masa ba, na rufa maka asiri. Yau kai za ka faɗa masa." Ta ƙara da cewa, "Kuma na san ba ka juya kaset ɗin ba."

Ban gane abin da take nufi ba sai da yamma.

Gidan Usman

Usman ya tarbe mu a unguwar Hausawa, ya yi furfura fiye da ni. Ya rungume ni da kyau, ya gaishe da yayarsa a taƙaice. Aka kawo kisra, wainar dawar Sudan, da miyar kuɓewa da gahawa mai citta. Bayan la'asar na ce ina da magana. Na faɗa masa duka, a gaban matarsa, ban rage ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, na zaci ya tafi ke nan. Sai ya fito da tsohuwar rikoda, ya hure ƙura, ya sa biro ya juya zaren kaset don ya saki.

Muka ji gefen farko har inda na tsaya a da, muka wuce. Gaisuwa ce ga jikoki ɗaya bayan ɗaya. Rikoda ta yi ƙas. Usman ya dube ni, ya juya kaset.

Muryar Inna ta dawo, tana rawa. "Binta, na san ba ku da takarda. Kada ki taso, ban yarda ba, ki zauna da 'ya'yanki. Haruna, ɗana, kai nake roƙo. Ka sayi kaset ka ɗauko mini muryarta da ta yaran, ko kukansu ne. Ka ba alhazai su kawo mini."

Usman ya ce wata huɗu tana aikensa tasha duk ranar da jirgin alhazai ya shigo.

Usman ne ya fara motsi. Ya matsa kusa da yayarsa ya ce, "Yaya, ki yafe mini." Ni bai yi mini magana ba sai ran da za mu tafi, da ya ɗauki akwatina ya kai bas da kansa. Washegarin ranar kaset muka je maƙabarta. Na tsaya daga baya.

Dawowa

Kwana tara muka yi. Jirgin dawowa ya tashi Sawakin ƙarfe shida na yamma, teku ta ɗan yi fushi, mutane da yawa suka yi amai. Da safe, Jidda tana fitowa, muna tsaye a benen sama, na roƙi Hajiya gafara. Ta ce, "Nawa na yafe tuntuni, Malam. Da ban yafe ba da ba ka ci tuwona ba shekara goma sha tara. Na Inna kuwa ba a hannuna yake ba."

Mun iso Shisha ƙarfe sha biyu da rabi, ana kiran azahar. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Zainab, da Usman da iyalinsa, da tsohon Kasala da na zarga a banza alhali shi ya riƙe mini hannu. Wanda ya karanta wannan ya sa Inna a addu'a.

Zainab ta kai kaset an juye shi a waya. Hajiya tana kunna shi da safe in tana haɗa shayi. In ya kai inda Inna take cewa Haruna ɗana, nakan ajiye kofi in saurara har ta gama.