Ram ɗin da ya ƙi shiga raminsa

Tun ranar da maigida ya fara shigo da kayan kwamfuta gidanmu a Kebbe, hankalina bai kwanta ba. Yarinyar wajena tana shekara biyu lokacin, ba abin da hannunta ke bari. Ita ce ta fari, ko sunanta ba na faɗi, balle in tare mata faɗa a gaban mutane. Kullum tunanina, ranar da za ta taɓa wani abu, wa zai tsaya mata?

Shi kuwa so yake ya riƙa buga wa mutane takardu a gida. Ɗaya bayan ɗaya ya tara kayan. Akwatin kwamfutar daga Tambuwal, babban allon da komai ke hawa kansa, wanda suke ce wa bod, wani abokinsa ya kawo daga Sakkwato. Na ƙarshe shi ne ram, ɗan siririn abu kore mai haƙora ruwan zinariya. Ya ce a nan kwamfuta ke riƙe abin da take yi, in babu shi ko tashi ba za ta yi ba.

Da hantsin wata Asabar ya baza komai a tabarma, yayansa ya zo kallo. Maigida ya juya ɗauko sukudireba ke nan, sai ga ram a hannun yarinya, tana shirin kai shi baki. Ya ƙwace, ya goge da rigarsa. Da ya zo sa shi a raminsa da ke jikin bod, ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya danna, ya ƙi.

"Ɗiyag ga ta lanƙwasa shi," in ji maigida. Ya daka mata tsawar da bai taɓa yi ba. Ta rugo ta riƙe zanena, ni kuma na kau da kai, don ga Yaya zaune. Wallahi har yau ina jin hannun nan.

Yaya ya karɓa, ya ɗaga shi sama. "Kai dai ba ka yi noma ba. In ƙota ta ƙi shiga fartanya mi aka yi? Sassaƙa ta aka yi. Kawo magagari in rage mishi baki."

"Yaya, ai ba kalmen noma ba ne," in ji maigida.

"Bature dai ya yi shi, ba aljani ba."

Suna wannan na kawo musu ruwa, na durƙusa ina kallo. A cikin haƙoran ram akwai 'yar wushirya guda. A cikin ramin kuma akwai ɗan tudu, wanda da gani nan wushiryar za ta zauna. Ban yi nisa a makaranta ba, amma ina ɗinki, ina yanka hannun riga, na san abin da bai yi daidai ba. Na karyo tsinken tsintsiya, na auna daga gefen ram zuwa wushirya, na sa farce. Na kai tsinken bakin ramin. Tudun ya wuce farcena.

Ban ce yarinya ba ta da laifi ba, ba zan iya ba. Na ce, "Yaya, ku duba mini, idona ne ko kuwa?"

Ya auna da kansa har sau biyu. Ya ce, "Ashe haka aka haife shi." Ya ajiye maganar magagari.

Washegari maigida ya naɗe bod da ram a tsohon zanena, ya hau babur zuwa Tambuwal. Mai shagon ya ce masa ram iri-iri ne, wanga na uku ne, bod ɗinsa kuma na fuɗu yake ɗauka, da gangan ake sauya wurin wushiryar don kada a sa wanda ba shi ba. Ya ce da an goga shi, da ya ƙone, wataƙila har da bod ɗin. Ya musanya masa.

Da ya dawo, sabon ya shige, har da 'yar ƙara ƙas. Fanka ta juya, gilashi ya kawo haske. Bai ba yarinya haƙuri da baki ba. Ya dai ɗora ta a cinya, ya kama yatsanta ya danna mata harafi, ya fito ɓaro-ɓaro. Na shige madafa don kada a ga fuskata.

Don Allah, in za ku sayi ram, ku tafi da bod ɗinku wurin mai shago, ko ku ɗauki hoton rubutun da ke jikinsa. In kuma ya ƙi shiga, kada ku danna, kada ku goga, ku fara auna shi.