Rigar Yaya Sada Ta Ƙi Bushewa a Gembu

Katsina zuwa Jalingo

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Kambarawa, ni da yayana Alhaji Sada. Ɗansa Bashir ya yi bautar ƙasa a Gembu, can saman tsaunin Mambila, ya ga wata yarinya Jamila, ita ma ta gan shi. Mahaifinta Alhaji Buba ya ce ba zai ba da 'yarsa wata uwa duniya ba sai ya ga manyan yaron da idonsa. Abin da ya ɗaga mu ke nan.

Bashir ya roƙi uban ya ɗauki rigar sanyi. Yaya Sada ya ce, "Mi zan yi da ita? Ni da na yi sanyin Katsina shekara sittin?" Farar shaddarsa guda ya sa, ya ce ta isa.

Muka sauya mota a Kano, muka ci masa a Bauchi, muka kwana Jalingo muna fifita da kwali.

Hawan tsauni

Washegari muka bi ta Bali da Serti. Daga Mayo Selbe hanya ta fara nannaɗe dutse, rami a gefe ba a ganin ƙarshensa. Direbanmu sai hira yake, yana tuƙi da hannu ɗaya. Yaya ya ce, "Malam direba, riƙe da biyu, labarin ya jira." A shingen sojoji wani ya leƙo, ya dubi rigar Yaya ya ce, "Baba, haka za ka hau?" Yaya ya kau da kai.

Nguroje

Gaskiya ban taɓa ganin ƙasa mai kyau irin wannan ba. Tuddai kore shar, shanu jajaye manya, gajimare yana wucewa ta ƙasan ƙafarmu. Muka tsaya kallon gonar shayi, Yaya ya shiga tsakanin layuka don in ɗauke shi hoto. Santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas cikin jan laka.

Gembu

Da la'asar muka sauka masauki, ana yayyafi. Gobe da hantsi ne ganin Alhaji Buba. Yaya ya wanke shaddar ya shanya. Mai masaukin ya ce, "Alhaji, nan wanki yakan kwana uku a igiya." Yaya ya yi dariya, don a gidanmu ana wanki da azahar a sa da la'asar.

Da safe riga na ɗiga. Ga shi an ɗauke wuta, balle guga. Na miƙa masa suwaitata, ya ce, "In je neman aure cikin wanga abu kamar mai gadi?" Ya zura jiƙaƙƙiyar rigarsa. Hankalina ya tashi, don na san yadda Bashir ke son yarinyar nan.

A zauren Alhaji Buba an ajiye kaskon gawayi, aka zaunar da Yaya kusa da shi. Ana cikin gaisuwa rigar ta fara tururi kamar an buɗe tukunyar dambu. Ya buɗe baki zai faɗi abin da ya kawo mu, haƙora suka hau kaɗawa. "Mun zo... mun zo..." Nan ya tsaya. Dattawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya.

Alhaji Buba ya tambaye ni ko lafiya, na faɗa masa komai. Sai ya tuɓe babbar kwat ɗinsa ya yafa wa Yaya. Ya ce, "Mutumin da ya sa jiƙaƙƙiyar riga a Gembu don kada ya zo gabana da datti, gidansa ba za a wulaƙanta Jamila ba. Na ba ku. A kawo masa shayi kafin mu rasa suruki."

Komawa gida

Mun sauka Katsina rana na dukan tsakar ka. Yaya ya fito daga mota sanye da kwat ɗin, gumi na zuba. Bashir ya taro mu da gudu, sai kallon kwat ɗin yake. Uban ya ce, "Ta surukinka ce. Ba ni cire ta sai unguwa duk ta gani."

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da mutanen Gembu da suka ba mu ɗiya, suka haɗa mana da kwat.