Madabod a Adakar Inna

A garinmu ba a sayen abu gaba ɗaya. Wanda zai yi ɗaki, bana ya sayi bandir ɗin kwano ya jingine a zaure, baɗi ya sayi ƙofa, in Allah ya kai rai wata kakar ya kira magini. Haka Baba ya yi kafin ya rasu, haka kowa yake yi, kuma ban taɓa jin kwano ya lalace don ya shekara biyu a jingine ba. Da wannan tunanin na shiga harkar haɗa kwamfuta, ni da nake ganin na fi kowa wayewa a unguwarmu don na yi difloma a birni.

Burina ba wani babba ba ne. Ɗan shago nake so a Tofa, in riƙa buga wa mutane takardu da katin biki, in cike musu fom. Gonar gadonmu an raba ta an sake rabawa, abin da ya zo hannuna ba zai riƙe gida ba. Yayyena biyu sun tafi kudu ci-rani, ci-ranin ya zama zama. Ni ne auta, ni kaɗai na rage wa Inna. In shagon ya tsaya, kullum a gida zan kwana. In bai tsaya ba, ni ma motar kudu zan hau. Ni da ita duk mun san haka, ba mu dai taɓa furtawa ba.

Kakar farko na sayar da gyaɗa da wake na shiga birni, kasuwar 'yan kwamfuta. Ga tsofaffin kwamfutoci nan na hannu a haɗe, da na ɗauki ɗaya da a satin na fara aiki. Na ƙi. Dama na yi wata biyu ina karance-karance a waya, kaina ya kumbura, sai dai in haɗa tawa da hannuna. Na ce da madabod zan fara, faifan nan da duk sauran kayan, irin su furosesa wato ƙwaƙwalwar kwamfutar da ram wato ma'ajiyar aikinta, suke hawa kansa, tunda da harsashi ake fara gini.

Wuni guda na yi ina zaɓe. Wannan gurbin ram ɗinsa biyu ne kacal, wancan ba wurin ƙara komai nan gaba, wancan kuma launinsa ne bai yi mini ba, ka ji fa. Mai shagon, wani dattijo mai furfura a gemu, ya zuba mini ido har na tsayar da ɗaya.

"To Malam, ina furosesa? Ina ram?"

"Sai baɗi, Alhaji, in Allah ya kai mu."

"Baɗi? Wannan fa ba kwanon rufi ba ne. Ka haɗa ka gwada cikin satin nan, in da matsala ka dawo mini da shi. Bayan sati ban san ka ba."

Na yi murmushi, a raina na ce dabarar 'yan kasuwa ce, so yake ya ƙara sayar mini da kaya.

Da na dawo sai da na kai shi majalisa abokai suka gani. Don in burge su har na cire ɗan baƙin murfin robar da ke rufe gurbin furosesa, na nuna musu ƙananan alluran da ke ciki, a jere, sirara, ido da ƙyar yake raba su. Murfin ya bi hannu ya bi hannu, daga nan ban sake ganinsa ba. Ban damu ba, roba ce.

Ɗakina yana yoyo da damina, don haka Inna ta karɓi kwalin ta sa a adakarta, inda take ajiye zannuwan fita unguwa. Injin auta take ce masa. Duk wadda ta shigo gidan sai ta ji labarin injin auta.

Kaka ta biyu na sayo ram da fawa saflai, abin da ke raba wa kayan wuta. Shekara ta uku ce ta karya ni. Taki ya gagari talaka, geron ya fito a tsaye ba kai, kuɗin mota zuwa birni ya ninka. Abin da na iya saya kawai tsohon akwatin kwamfuta, fanko, na ajiye a ƙarƙashin gado. Na tsani shekarar nan. Na tsani yadda abokaina suke tambayata, "Injiniya, yaushe za a kunna?" suna ƙunshe dariya. Babban yayana ya aiko cewa akwai gurbin gadi a inda yake aiki, na ce ya ƙara mini lokaci. Inna kuwa ko a jikinta, duk wanda ya tambaya sai ta ce saura kaɗan.

A kaka ta huɗu, ba tare da ta yi shawara da ni ba, ta aika da tunkiyarta kasuwa. Ta miƙo mini abin da aka samu ta ce, "Je ka ƙarasa." Na kwashi kayan duka a buhu na koma wurin dattijon nan. Ya gane ni. Ya ce irin furosesan da faifaina yake ɗauka an daina kawo sabo, amma yana da na hannu mai kyau. Ya buɗe kwalin, ya warware wani tsabtataccen ƙyalle da aka naɗe faifan da shi. Faifan yana ta sheƙi kamar ranar da na saye shi.

Sai na ga ya ƙura wa gurbin furosesa ido. Ya ɗauko gilashin masu gyaran agogo ya duba, ya miƙo mini. Alluran nan duk sun kwanta gefe guda kamar geron da iska ta bi ta kansa. A tsakaninsu ga wani ɗan shuɗin zare ya maƙale.

"Wa yake goge wannan da tsumma?"

Na ƙara dubawa. Na san zanen da zaren ya fito.

"Ina murfin da ya zo da shi?"

Na tuna ranar majalisa, na mayar masa da gilashinsa.

Bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya fi awa yana tayar da alluran ɗaya bayan ɗaya da bakin reza, biyu suka karye. Da ya haɗa ya kunna, fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya. Ya sake, ta sake tsayawa. Sayen wani faifan kuma a lokacin ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Bai ce mini ai na gaya maka ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Haushin kaina ya cika ni har na kasa yi masa godiya yadda ya kamata.

Bayan la'asar na iso gida. Inna tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta dubi buhun, ta dube ni.

"Ya tashi?"

"Bai tashi ba, Inna. Wai tun daga kamfani ya zo a lalace."

"Ikon Allah. Ni kuwa ban taɓa barin datti ya zauna masa ba. Duk Juma'a in ka tafi masallaci sai na fito da shi na goge shi tas, har cikin ɗan ramin nan."

"Na gani, Inna. Mai shagon ma ya yaba."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Na zauna a kan turmi, na rasa inda zan sa idona. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Wace rana motar kudun take tashi?"

"Asabar."

Ta karkaɗe zanenta, ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗebo gero ta jiƙa, don guzuri. Ban sake yin damina a gida ba tana raye.