Dardumar Abokan Aikin Auta

Shekarar da annoba ta sa aka kulle gari, Autana ya dawo mana Kinkinau da kwamfutarsa. Kamfaninsu na Legas ya ce kowa ya yi aiki daga ɗakinsa. Da aka buɗe gari wasu suka koma ofis, shi ya nemi a bar shi, wai mu biyu mun tsufa. Ni kuwa baki har kunne. Duk matar da ta yi mini kukan ɗanta ya yi nisa, sai in ce nawa ofis ne ke biyo shi har kan katifa.

Malam, mahaifinsa, masinja ne a ma'aikatar gwamnati har ya yi ritaya. Bai taɓa hawa kujera mai juyawa ba, amma in ya bi layi sai hannunsa ya gaji da gaisawa. Shi ya fara cewa, "Yaron nan ba ya ganin mutane." Na ce, "Kai da ka gan su, me suka ƙara maka?" Haka shekaru suka yi ta wucewa, ƙofar Auta a rufe.

Da Allah ya karɓi ran Malam, aka kafa rumfa a ƙofar gida. Na sa aka fito da dardumar da na zo da ita daga Makka, wadda ko biki ba na ba da aronta, na ce a shimfiɗa ta gefe, ta abokan aikin Auta ce. Manyan mutane ba sa zama kan tabarmar roba.

Tsofaffin ma'aikatar Malam suka yi ta zuwa, wannan da sanda, wancan an riƙo shi tun daga Rigasa. Tabarmi suka cika. Ina leƙe ta zaure, darduma ko takalmi ɗaya babu a bakinta. Da kunnena na ji wani maƙwabci yana tambaya, "Wai wane ne ɗan marigayin?" Auta na zaune dab da gwiwarsa.

Ranar sadakar uku na kira shi ciki.

"Auta, mutanen naka hanya ce ta tsare su?"

"Sun yi gaisuwa, Inna." Ya miƙo mini waya. 'Yan hotunan hannuwa ne da furanni, a jere kamar adon zani.

"Shugaban naka fa?"

"Sabo ne. Ni na koya masa aikin ta kwamfuta. Shi yana shiga ofis, ana ganinsa, sai aka ɗaga shi." Ya sunkuyar da kai. "Ni murya ce kawai a wurinsu. Ko tsayina ba su sani ba."

Sai ya ce yana da mitin. Ya shiga ɗaki ya ja ƙofa, can na jiyo shi yana irin dariyar nan tasu ta Turanci.

Tawa mutuwar ba ta dame ni ba, gidan nan zai cika. Amma shi, wa zai ɗauki makararsa? Shi ya sa yanzu, da ciwon gwiwar nan, ba rasuwar da za a yi a unguwa ban je ba. In na gama tawa gaisuwar sai in ce, "Auta ma yana yi muku ta'aziyya."

Kwanan baya na faɗi haka a gidan da ke kallon namu. Matar gidan ta share hawaye ta ce, "Allah sarki, mun gode. Yaushe zai dawo ƙasar?"